Kukan da Golf ɗin Baba ta fara bayan sauya bel

Ranar Asabar na sa wa Golf ɗin Baba, ƙirar 1982, sabon taimin bel (bel mai haƙora da ke daidaita tafiyar injin) da na sayo a Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta Kumasi. Ina tayar da ita sai ga wani siririn kuka, wiii, yana hawa duk sanda na taka totur. Raina ya ɓaci, don motar nan amana ce a hannuna.

Na fara cire fambel, na tayar da injin na ɗan lokaci. Kukan yana nan, ke nan ba alteneta ba ce. Na kafa bakin dogon sukundireba kan notin tanshina (ƴar tayar da ke ɗaure taimin bel), mariƙin a kunnena. Boris lafiya lau, ba gurnani.

Sai na kai ta wurin wani dattijon bakanike a unguwar Aboabo, ya kashe injin, ya kama bel ɗin da yatsa biyu a tsakiyar doguwar tazararsa, ya murɗa.

"Ɗana, ka ɗaure shi da yawa. Ya kamata ya juyu digiri 90, naka ko rabi bai kai ba."

"To Baba, a sassauta?"

Muka sassauta kaɗan, muka sake duba alamomin taimin. Kukan ya ɗauke. Da na bar shi haka, da boris ɗin tanshina ne zai fara ci.