Sanyi ne ya kashe mana insulin, ba zafin Gadarif ba

Duk mai yaron da ake yi wa allurar insulin ta ciwon sukari a ƙasar nan ta Sudan zafi yake tsoro, kuma da gaskiyarsa. A Gadarif, watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, wuta kuwa tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 sai ta ga dama take zuwa. Kowa gargaɗin rana yake yi mini. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce idan maganin nan ya daskare sau ɗaya tak, shi ke nan ya mutu, ko da ya narke ya koma kamanninsa.

Autana shekararsa takwas. Allura biyu yake sha a rana, kafin karin kumallo da kafin abincin dare, irin gaurayayyar nan mai kalar madara da ake murza kwalbarta a tafin hannu. Mun riga mun saba, har shi yake nuna mini cinyar da ke kan layi.

Da Allah ya sa muka samu kwalaben 'yan watanni a lokaci guda, firijinmu ya daɗe da zama akwatin ajiye kwanuka. Mai shagon bakin layinmu yana da sola, yana sayar da ƙanƙara, sai Baban yara ya roƙe shi ajiya. "Haba Alhaji, ai yaron nan ɗana ne," in ji shi. Ashe can ƙasan firiza ya tura su, ƙarƙashin ledojin ƙanƙara, don a ganinsa nan ne ya fi aminci. Ranar da muka karɓo ta farko, kafin ta iso gida a aljihu ta narke sarai.

Sai sukari ya fara hawa. 280, 340, washegari ya haye 400. Yaro na kwankwaɗar ruwa, yana tashi fitsari da dare, har ya jiƙa shimfiɗa, abin da ya bari tun yana ƙarami. Gida kuwa ya zama kotu. Babansa ya ce alawa yake saye a hanyar makaranta. Ni na zargi Hajiya da ba shi shayi mai sukari a ɓoye, har ta yi fushi ta ce, "Ke 'yar nan, jikana zan kashe?" Aka zazzage jakar Auta a tsakar gida, ba komai sai allo da guntun fensir. Yana kuka yana cewa, "Wallahi Umma ban ci komai ba." Wannan rantsuwar har yau tana sukata.

Muka yi wa ma'aikacin lafiya waya, ya ce a ɗan ƙara yawan allurar. Aka ƙara, aka sake ƙarawa, kamar ana zuba ruwa a kwando. A daren da na'urar gwajin sukari ta daina nuna lamba ta rubuta HI, wato sukarin ya wuce abin da take iya aunawa, ya fara amai, yana riƙe ciki, numfashi mai zurfi da sauri, bakinsa na warin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. A raksha, wato babur mai ƙafa uku, muka kai shi asibiti, aka ɗaura ƙarin ruwa. Wata nas ce ta ce in nuna mata kwalbar. Ta murza, ta ɗaga ta wajen fitila. Maimakon ta gauraye sumul, ga gudaji-gudaji na yawo, wasu sun manne a jikin gilashin. "Ina kuke ajiye wannan?" Duk sauran kwalaben ma zubar da su aka yi. Ban yi wa mai shago faɗa ba, alheri ya nufa, amma na daɗe ban iya sayen ko ashana a wurinsa ba.

Akwai tarko na biyu da likita ya tsame mu daga ciki. Waccan ƙarin allurar an yi ta ne a kan mataccen magani. Da mun ɗora ta a kan sabuwar kwalba mai rai, da tsakar dare sukarinsa zai rikito. Ya mayar da mu kusa da tsohon ma'auni, ya ce in riƙa gwadawa wajen ƙarfe biyu ko uku na dare. Duk da haka akwai daren da na samu 62, goshinsa sharkaf da gumi. Duk abin da ya gaza 70 ba a jira: cokali uku na shayi cike da sukari a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15, in ya tashi a bi da burodi.

Yanzu randa nake amfani da ita. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kwalabe cikin robar da ke rufuwa gam don kada ruwa ya taɓa su, tsumma mai danshi a sama, a inuwa inda iska ke ratsawa. Ba ta kai firiji ba, wanda ake so ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, kuma da damina idan iska ta yi laima sanyinta yana raguwa. Amma ba ta taɓa daskarar da komai ba. Kwalbar da na buɗe ina rubuta kwanan wata a jikinta, bayan mako huɗu in sauya, ko da saura a ciki, ko da raina yana ƙuna saboda tsadarta.

Idan sukari ya hau kwana biyu ba zazzaɓi ba canjin abinci, kwalba nake fara ɗagawa a haske, in gwada fitsarinsa da tsinken gwajin kiton, sinadarin da ke fitowa a fitsari idan insulin ya yi wa jiki ƙaranci, sannan in buɗe sabuwa. Jakar Auta kuwa na ce wa babansa ba mai sake taɓa ta. Hajiya na kai mata turare da atamfa na ba ta haƙuri, ta karɓa, amma har yanzu idan ta haɗa shayi sai ta kira ni in zo in ga ba ta sa sukari a kofinsa ba.