Ƙurar Gombe a jikin ƙaramin tarago

Asabar, tsakiyar hunturu.

Yau ba makaranta, shi ya sa na ware yinin gaba ɗaya saboda taragon da ƙanena ya sayo min ta intanet. Na roba ne, a ma'aunin 1:87, wanda masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa suke kira HO. Duk abin da ya kai santimita 87 a jikin tarago na gaske, a nan santimita 1 ne, don haka taragon kaya mai tsawon mita 12 bai wuce santimita 14 ba. Ya iso fes, fentinsa ja yana ta ƙyalli, ƙafafunsa baƙi wuluk. Ƙyallin nan ne yake hana ido ya yarda da shi, domin ban taɓa ganin taragon kaya mai irin wannan tsafta a kan layin dogo ba. Aikina shi ne in tsufar da shi: ƙura, tsatsa, koɗewar rana da ɗigon baƙin mai, kowanne ya zauna a mazauninsa.

Kafin in taɓa burushi sai da na hau mashin na nufi tashar jirgin ƙasa. Na gaisa da mai gadi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni, ya ce in duba amma kada in hau. Na tsaya gaban wani tsohon tarago na daɗe ina kallo. Tsatsa ba ta bin jikin ƙarfe haka kawai. Daga kan ƙusa take farawa, ko daga gefen rufi inda ruwan sama yake taruwa, sai ta gangaro a miƙe, da duhu a sama, tana sirancewa tana yin haske har ta ɓace. Rufin kuwa rana ta cinye launinsa, ya koma fari-fari. Daga ƙasa abin ya sha bamban: ƙura ce ja-ja ta daskare a kan ƙafafu da ƙarafan ƙarƙashi, tana raguwa yayin da ido yake hawa sama. Inda ƙofa take zamewa akwai dogon karce a kwance, mariƙinta kuma ya yi santsi da duhu saboda hannuwan da suka riƙa kama shi shekara da shekaru. Na ɗauki hotuna, na ɗebi ƙasa kaɗan a leda daga gefen hanya, na juyo gida.

Wannan ƙasar da na ɗebo ita ce dalilin fitata. Yawancin ayyukan da nake gani na mutanen Ingila ne da Jamus, kuma gwanaye ne, ba musu. Sai dai taragansu na ƙasar damshi ne da hayaƙin kwal, shi ya sa suke cika su da baƙi da toka-toka, har da kore-koren gansakuka. In na kwaikwaye su sak, zan samu tarago mai kyau amma ba namu ba. Mu nan ruwa na 'yan watanni ne, sauran shekara rana ce da iska da ƙura. Taragon da ya yi aiki tsakanin Bauchi da Gombe da Maiduguri koɗewa yake yi kafin ya yi baƙi.

Da hantsi na shimfiɗa tabarma a zaure, na jera kayan aiki. Ina cikin kwance ƙafafun taragon sai ga Baba maƙwabcinmu ya yi sallama. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, tun yana saurayi ya shiga aikin har ya yi ritaya.

"Baba, ina kwana, ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne, Malam. Yau kuma jirgi aka saya?"

Na miƙa masa. Ya juya shi a hannu, ya kai shi dab da ido, sannan ya yi min tambayar da ta tsara min aikin yau duka: "To, me wannan yake ɗauka?"

Na ce kaya dai. Ya girgiza kai ya ce babu taragon da yake ɗaukar kaya dai. Na siminti daban, jikinsa toka-toka ne, kuma in ruwa ya taɓa garin da ya zube a bakin ƙofa sai ya daskare ya zama dutse. Na shanu daban, dattinsa daga ƙasan katako yake tsattsafowa. Na kwal ɗin Inugu ba a ma tambaya. Na gyaɗa da auduga kuwa ba su cika ɓaci ba, sai dai ƙurar hanya da ɗan farin audugar da ke maƙalewa a lungun ƙofa. Nan take na yanke cewa nawa na gyaɗa da auduga ne, tunda su ne suka ja layin dogo zuwa wannan yanki.

Baba yana yaro aka kawo layin, kuma bai manta ba. Daga Kuru, kusa da Jos, aka fara shimfiɗa shi a 1958, shekarar da Bankin Duniya ya bai wa Najeriya bashin dala miliyan 28 don aikin jirgin ƙasa. Ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya dire a Maiduguri a 1964. Simintin Ashaka daga baya ya zo, a ƙarshen shekarun 1970. Yana ba ni labarin yana nuna jikin taragon da ɗan yatsa, sai ya tsaya a kan ɗan akwatin da ke tsakiyar kowace ƙafa. Ya ce a tsofaffin taragai ana cusa tsumman auduga mai jiƙe da mai a cikinsa don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, man yana tsiyayowa, ƙura tana mannewa, shi ya sa wurin kullum baƙi ne mai maiƙo. Jan da nake gani a ƙarƙashi kuma ba ƙasa ce kaɗai ba, har da garin ƙarfen birki da yake goguwa yana yin tsatsa. Wannan ban taɓa jin sa a bakin kowa ba sai yau.

Na wanke jikin taragon da ruwan sabulu don maiƙon hannu ya fita, na bar shi ya bushe, abin da ba ya ɗaukar lokaci a iskar hunturu. Sai na dama farin fenti mai narkewa a ruwa da ɗigon fenti ruwan ƙasa, na tsinka shi sosai har ya kusa zama ruwa zalla, na shafe rufi da saman bango. Da ya bushe, jan nan mai ƙarfi ya lafa. Na fesa masa banish marar ƙyalli, saboda garin tsatsa da na ƙasa da zan ɗora ba sa kama roba mai santsi.

Tsatsar tun makon jiya na haɗa ta. Soson ƙarfe na wanke-wanke na jiƙa a ruwan khal, na bar shi ya ci kansa, na shanya, ya zama jan gari. Tsatsa ce ta gaske, kuma launinta ba ɗaya ba ne, akwai mai duhu akwai mai haske. Da tsinken sakace nake ɗora ɗigo a kan ƙusa, sannan in ja shi ƙasa sau ɗaya da burushi mai ɗan laima. Ba kowace ƙusa nake taɓawa ba. A tasha na lura wasu sun zubar da tsatsa, na kusa da su ko alama babu, kuma wannan rashin daidaiton ne yake sa abu ya yi kama da gaske. Nan ne aikin yake cin lokaci, har aka kira azahar ban gama gefe ɗaya ba.

Bayan salla da abinci na koma kan ƙasar. A wannan ma'auni, ƙwayar yashi mai faɗin milimita 1 daidai take da dutse mai kusan santimita 9, don haka rariya ba ta wadatar ba. Na daka ta, na tace da wani tsohon mayafi da uwargida ta ba ni, har ta yi laushi kamar hodar jarirai. Ina tacewa tana tsaye tana kallo. Ta ce ita har yanzu tana jin tausayin sabon fentin. Na nuna mata hoton da na ɗauko da safe kusa da taragon, ta duba wannan ta duba wancan, ta ce in ƙara ƙura a ƙasan ƙofa. Na ƙara, kuma ta yi gaskiya.

Da busasshen burushi mai taushi nake ɗibar garin, in fara daga ƙasa in yi sama, ina sassauta hannu. Akwatunan ƙafafu na taɓa su da garin gawayi da ɗigon banish mai ƙyalli, don su yi kamar mai bai bushe ba. Karcen ƙofa da mariƙi fensir na goga musu, ya ba su hasken ƙarfe. Fuskar ƙafafun da ke taka dogo ita kaɗai na bari da tsaftarta, domin in ta yi datti za ta shafa wa dogon, kan jirgin kuma daga dogon yake shan wuta.

Abu ɗaya yana ci min rai game da ƙafafun nan. Dogon da ake sayarwa da ma'aunin HO faɗinsa milimita 16.5 ne, wanda yake wakiltar babban layi mai milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Namu na Gombe ƙarami ne, milimita 1,067, wanda a wannan ma'auni zai faɗo wajen milimita 12. Ke nan taragona ya ɗan buɗe ƙafa fiye da yadda ya kamata. Akwai dogo mai milimita 12 a kasuwannin waje, kuma ina da niyyar komawa kansa idan hali ya yi.

Da la'asar sakaliya Baba ya sake leƙowa. Na ɗora taragon a kan ɗan guntun dogo, na ce, "Baba, duba min ko ya yi." Ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da shi, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce wannan ya yi Maiduguri ya dawo, amma saura rubutun alli. Masu haɗa taragai a tasha sukan rubuta inda kowanne zai nufa a gefen ƙofa, wani rubutun a kan wani, tsohon ya goge rabi. Ya ce in na samo abin rubutu shi zai faɗa min yadda suke yi.

Ban yi feshin ƙarshe ba, saboda banish yakan dusashe garin ƙasa, sai an sake ɗorawa an sake fesawa, haske kuma ya riga ya tafi. Na kife kwali a kan taragon. Gobe bayan azahar zan shiga kasuwa in nemi farin fensir mai tsini, in biya wajen masu bulo in roƙi ɗan garin siminti saboda tarago na gaba.