Gyaran tabarmar yanka da ta gaji: inda aka kwana

'Yan'uwa masu koyon ɗinkin haɗin ƙyallaye, ga bayanin aikin da aka yi a kan tabarmar yanka guda ɗaya cikin kwana huɗu. Koriya ce, santimita 60 da 90, kaurinta milimita 3, irin wadda ake yanka a kanta da wuƙa mai taya. Laifinta uku: ta cika da farin gashin auduga, kusurwa ɗaya ta kumbura ba ta kwanciya a tebur, sannan akwai wani layi da in wuƙa ta bi ta kansa sai ta bar zare bai yanke ba.

Tun da kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙa mai taya a 1979 ake haɗa ta da wannan tabarma, kuma masu sayarwa na cewa tana warkar da kanta. Maganar na buƙatar gyara. Robar PVC ce aka jera hawa-hawa, mai laushi a waje, mai tauri a tsakiya. Idan wuƙa mai kaifi ta shiga a tsaye, ba ta cire komai, raba robar kawai take yi, bakin yankan ya koma ya haɗe. Tsagar tana nan, rufewa ta yi. Duk abin da ya shiga tsakani ya hana ta rufewa, shi ne ke sa tabarma ta yi kamar ta mutu alhali da sauranta.

Ranar farko ba a taɓa ruwa ba. An fara da rarrabe laifin wuƙa da na tabarma, domin mutane da yawa suna jefar da tabarma mai kyau saboda reza, wato zagayayyen bakin wuƙar da ke juyawa kamar taya, ta dakushe. Ga gwajin: a shimfiɗa tsohuwar atamfa falle ɗaya, a yi dogon yanka, a duba inda zare ya tsira. Reza mai faɗin milimita 45 tana cika zagaye ɗaya a kusan santimita 14. In kun ga zaren da bai yanke ba yana maimaituwa duk bayan santimita 14, to bakin rezar ne ya ɓantare, galibi don ta hau kan allura ko gefen rula. A rezar milimita 28 tazarar kusan santimita 9 ce, a ta 60 kuwa kusan 19. Amma in kun matsar da yadin wani wuri yanka ya fita tsaf, kuka dawo layin farko ya sake tsallakewa, laifin na tabarma ne: wurin ya zama kwari, yadi yana nutsewa a ciki maimakon ya tsaya wuƙa ta yanke shi. A wannan tabarmar duka biyun aka samu. An sa sabuwar reza, rabin matsalar ta tafi nan take.

Daga nan sai cire gashin. Kilinar goge fensir, fara mai laushi, ita ce ta fi aiki. A goga ta bin tsawon tsagar, kada a gicciye, za ku ga auduga na fitowa tana nannaɗewa kamar dattin jiki. Inda ya ƙi fita, a ɗan tura yatsa ta ƙarƙashin tabarmar a ɗaga ta kaɗan, bakin tsagar ya buɗe, a share da tsohon burushin goge baki. Kaɗan fa, kada a naɗe ta, don tsohuwar roba tana iya tsagewa. Salatef na kwashe ragowar. Audugar cikon bargo da yadi mai gashi su ne suka fi cusa wannan datti, kuma a lokacin hunturu ƙura na biyo baya ta zauna a kai. Wannan aikin ya ci kusan minti arba'in, kuma shi ne ya fi kowanne amfani.

Rana ta biyu wanka. Ma'auninsa cokalin cin abinci huɗu na farin ruwan khal, wato mililita 60, a cikin lita huɗu na ruwa mai sanyi. Ruwan zafi yana lanƙwasa tabarma, ko ɗumi sosai kada ya yi. Wahalar ita ce samun abin da zai ɗauki santimita 90 a kwance, domin in aka cusa ta a baho ta lanƙwashe an ƙara wata cutar. Dabarar da aka yi: katako huɗu a ƙasa kamar akwati, aka shimfiɗa leda mai kauri a kai, aka zuba ruwan har ya rufe ta, lita takwas da cokali takwas. Ta jiƙu minti ashirin. Aka ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa, aka cuɗa da burushi mai laushi, aka ɗauraye, aka tsane da tawul, aka bar ta a kwance a inuwa.

Za ku ji ana cewa jiƙawar na sa tabarma ta sha ruwa ta dawo sabuwa. PVC ba ya shan ruwan kirki. Abin da wankan ke yi shi ne fitar da sitacin yadi da maiƙon hannu da ƙurar da kilina ba ta kai ba, tsagogi su samu damar rufewa. Hakan ma ya isa. Kuma a yi nesa da fetur, kananzir, tina (ruwan tsinka fenti) da ruwan goge jan farce: suna cinye layukan awo, wasunsu har robar suke narkarwa. Soson ƙarfe ma haka.

Kumburin kusurwa shi ne aikin rana ta uku, kuma a nan ne ake yawan ɓarna. Zafi ne ke kawo shi: dutsen guga da aka ajiye kusa, kofin shayi, barin ta a mota, ko jingina ta a tsaye a shago mai rufin kwano. Da zafi ake gyara shi, amma zafi mai sauƙi da ya game ko'ina. An ɗora ta a kan falankin filawud mai santsi, aka fitar da ita rana da misalin ƙarfe tara na safe. Ranar azahar a watan Afrilu ta yi mata yawa, koriyar roba tana ɗaukar zafi da sauri. Bayan kamar rabin awa ta yi laushi, kusurwar ta fara sauka da kanta. Aka shigo da ita inuwa tana kan falankinta, aka kifa wani falankin a sama, aka jera littattafai da jarkar ruwa ko'ina, har gefuna. Awa ashirin da huɗu ba a ɗaga ba. Kada a ajiye ta kai tsaye a kan siminti mai kaushi, don in ta yi laushi tana ɗaukar zanen duk abin da ke ƙarƙashinta. Kada kuma a yi mata guga ko da an rufa tawul, sabon kumburi za a samu a inda dutsen ya tsaya.

Kusurwar ta kwanta, saura ɗan tashi da bai kai kaurin kwabo ba. Inda dutsen guga ya taɓa roba har ta miƙe, da wuya ya koma daidai gaba ɗaya. Bayan irin wannan gyara a ɗora rular ƙarfe a duba layukan awo, domin suna iya gocewa. Nan an samu gociyar kusan milimita ɗaya a ɓangaren da ya kumbura, don haka awo ya koma kan rula, layukan tabarma sai dai don daidaita yadi.

Saura kwarin nan. Ba shi da magani, roba ce ta fita daga wurin saboda an yi ta yanka a layi ɗaya da reza maras kaifi, ana dannawa, wani lokaci hannu a karkace. Sufa gulu ba ya cike shi, bushewa yake ya yi tauri ya ɓantare reza. Abin da aka iya shi ne rage tudun da ya tashi a gefensa: aka kankare da gefen tsohon katin roba, aka bi da samfefa mai laushi sosai, lamba 600, a jiƙe, sau kaɗan. Ya daina kama yadi, amma wuƙa na tsallake zare a kansa har yanzu. An yi masa alama da ɗan salatef a bakin tabarma don a riƙa kauce masa, an kuma juya tabarmar ta yadda gefen da bai sha yanka ba ya dawo gaba. Bayanta ma lafiya lau yake, za a iya yanka a kai tunda awo na kan rula.

Gwajin rana ta huɗu: atamfa ninki huɗu, yanka goma masu faɗin inci biyu da rabi, duka sun rabu ba zare ko ɗaya. Yanzu tana kwance a ƙarƙashin katifa idan ba a aiki. Akwai wata ƙarama, santimita 30 da 45, wadda tsagarta ta huda har baya. Ita ba za a wahala da ita ba, za a yanka ta da babban almakashi a yi gindin jaka da ita, ragowar kuma a ajiye kusa da keke don datse ƙananan ƙyallaye.