Sikirif ɗin da ke aiki da rana, ya ƙi da dare

Aikina a nan Tawa shi ne haɗa ma ƴan kasuwa lissafi a Excel. Mu uku ne a biro, ni da yarana biyu, kuma yawancin masu zuwa wurinmu dillalan albasa ne da masu magazan siminti. Abin da suka fi so shi ne su iso da safe su tarar cinikin jiya ya riga ya taru a fishiye guda, to sai in rubuta ɗan sikirif, wato jerin umurnin da ordinatar ke bi da kanta, da yaren Python, in ba Planificateur de tâches na Windows, mai tada aiki a lokacin da aka sa mishi, ya riƙa tada shi ƙarfe 5 na asuba.

Wani Alhaji mai shaguna uku ya kira ni ranshi a ɓace, wai kwana huɗu ba lissafi. Na je, na danna sikirif da hannuna, ya yi aiki tsaf. Alhaji ya dube ni ya ce "to kai yake tsoro ke nan?" Na buɗe planificateur na ga ya rubuta 0x1, wannan lamba kuwa ba ta gaya ma komi, kawai an fara an faɗi.

Abin da na daɗe ban gane ba a sana'ar nan, idan ka zaɓi aiki ya gudana ko ba wanda ya shiga ordinatar, to kamar ka aiki baƙon yaro ne ba makulli ba kwatance. Dosiyen Alhaji yana kan Z:, harafin da ke kai mutum ga dosiyen da aka raba ta rezo, amma wannan harafin na wanda ya shiga ne, sikirif na dare ba ya ganinshi sam, sai na rubuta mishi cikakkiyar hanya mai fara da \\ da sunan na'urar da dosiyen ke ciki. Gurbin "Commencer dans", inda ake gaya ma sikirif dosiyen da zai fara aiki ciki, shi ma na bar shi fayau, shi ya sa yake ta laluben fishiye cikin System32, dosiyen Windows kanta. Wannan kam laifina ne, ban dai faɗa ma Alhaji ba.

Kwana biyu lafiya lau, na uku ya sake tsayawa, wannan karon da PermissionError, Errno 13, wato an hana shi taɓa fishiye. Na zauna na buɗe ɓoyayyun fishiye sai ga wani ɗan ƙarami mai fara da ~$, alamar wani ya riƙe takardar. Ashe ɗan Alhaji mai riƙe lissafi, in an kira magariba sai ya kashe allo kawai ya tafi, Excel na buɗe har safe, kuma muddin yana riƙe da fishiye Windows ba ta barin wani ya rubuta a ciki. Na ce mishi "ƙanena, ka riƙa rufewa mana", ya ce to yaya, amma na san halin yara, ga kuran da ke ɗaukewa lokacin zafi ya bar abubuwa rabi da rabi.

Don haka na daina dogara da shi. Yanzu sikirif ba ya taɓa fishiyen da mutane ke buɗewa, sabo yake fitarwa kullum da kwanan wata a sunanshi, in ya ci karo da kulle ya jira minti 10 ya sake gwadawa har sau uku, kuma duk abin da ya faru yana rubutawa a wata ƴar takarda da nake fara dubawa kafin in tada babur. Alhaji ya ce in cire kuɗin kwana huɗun nan daga na wata. Na cire, ya bi ni da rabin buhun albasar Galmi.