Ƙyanƙyasar tarwada da fitutari: sai a zagaye na huɗu aka dace

Alhamdulillahi 'yan'uwa, jiya da asuba ƙasan baho ya cika da 'ya'yan tarwada suna wutsil-wutsil. Zagaye uku kafin wannan, ƙwai fari fat yake yi a kan raga ya ruɓe, warinsa har ƙofar gida. Da ƙwayar fitutari aka yi aikin, wato 'yar ƙwayar da ake cirowa daga kan wani kifin a yi wa uwar kifi allurarta don ƙwanta ya nuna, don kuɗin kwalbar Ovaprim, maganin allurar da ake saya don wannan aikin, ya yi wa mai uwa biyu ko uku nauyi.

Masu fasa kan kifin ta sama don ciro ƙwayar, ku bari. Ƙoƙon kan tarwada ƙashi ne mai taurin gaske, kafin ya buɗe ƙwaƙwalwar ta dame. A yanke kan, a cire muƙamuƙin ƙasa, a wanke jinin, a ajiye shi rufin baki na kallon sama, sannan a tsaga ƙashin tsakiya da filaya a hankali. Ƙwayar tana ƙasan ƙwaƙwalwa cikin ɗan gurbinta, fara ce da ɗan jaja-jaja, ba ta wuce ƙwayar dawa ba. Takan biyo ƙashin da aka ɗaga, don haka a duba shi kafin a yar. Ƙwaya ɗaya ta ishi uwa ɗaya in nauyinta da na kifin da aka ciro ƙwayar ya zo daidai. A niƙa ta cikin mililita 2 na ruwan gishiri, giram 9 a lita 1, a yi allurar a tsokar baya.

Tun zagaye na biyu wannan ɓangaren ya zauna daram, amma ƙwai bai daina lalacewa ba, kuma nan ne abin ya ci mini rai. Na zargi ƙwayar, na zargi maniyyi, na zargi ruwan burtsatse. Ashe babban laifin yana wajen yadda ake wahalar da uwar.

Ita wannan ƙwayar da muke cirowa don ta nunar da ƙwai, ta nan ne saƙon firgici yake bi a jikin kifi. A ƙasan ƙwaƙwalwa ta gaba, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, akwai tarin ƙwayoyin jijiya masu fitar da sinadarin CRH, mai fara isar da saƙon firgici. A kifi irin namu jijiyoyin nan suna shiga cikin fitutari kai tsaye. Sashen gaba na fitutari sai ya saki wani sinadarin, ACTH, cikin jini, shi kuma ya taso da kotizol, sinadarin firgici, daga ƙodar gaba, wadda ke can bayan kai. Har a ƙarshen lakar ƙashin baya wajen wutsiya akwai wani ƙulli mai fitar da CRH da danginsa. Cikin mintoci kaɗan da kama kifi kotizol yake fara hawa, kuma ba ya sauka nan take. Jikin da ke faman tsira ba ya ba ƙwai haƙƙinsa.

To ku auna abin da uwa take sha a hannunmu. A ɗauko ta daga wajen Dadin Kowa ta jihar Gombe cikin jarka da rana tsaka, a kora ta da raga, a ɗora ta kan sikeli tana fisge-fisge, a soka mata allura ranar, sannan a riƙa ɗago ta kowace awa ana latsa ciki. Mafi muni, haɗa uwa biyu a baho ɗaya bayan allura. Da safe na tarar sun yayyage juna, ɗaya ba ta kai azahar ba. Uwa mai kilo ɗaya da rabi, ga namijin da aka riga aka yanka dominta. Wannan asarar ta yi zafi.

A wannan karon uwar ta huta kwana uku kafin a taɓa ta, an ɗauke mata abinci kwana ɗaya kafin allura. Awo da allura a kamu ɗaya, an rufe mata kai da jiƙaƙƙen tawul, nan take ta lafa. Bahonta ita kaɗai, a rufe da katako da dutse a kai, ba mai leƙawa.

Abin da ya raba ni da yawan latsawa shi ne ma'aunin zafin ruwa. A digiri 28 ƙwai yakan nuna cikin kimanin awa 8 bayan allura, a 25 awa 11, a 22 ya haura 15. Ga sanyin asubar Gombe yana saukar da ruwan baho cikin dare, mai lissafi da zafin yamma zai tatsi ƙwan da wuri, ƙwai ya fito da ƙyar haɗe da jini. Ruwan ya tsaya a 25, an cika awa 11, ana taɓa cikin ƙwai ya zubo da kansa, kore-kore mai sheƙi.

Fitutarin namijin da ya ba da maniyyi yana cikin asiton yanzu, wato ruwan sinadarin da ke tsotse masa danshi. Za a sauya asiton ɗin sau biyu cikin awa 24, a shanya a inuwa, a adana don zagaye na biyar. Su kuwa 'ya'yan, sai gwaiduwar cikinsu ta ƙare wajen kwana na uku za su fara cin atimiya, ƙananan halittun ruwan gishiri da ake ciyar da 'ya'yan kifi da su.