Kwana 70 Ina Cin Kalori 700

Ranar da na hau ma'auni na ga kilo 92 ce na yanke shawara. Tsayina mita 1.65 ne, shekaruna 34 a lokacin, kuma gwiwoyina sun fara damuna duk sanda na hau bene. A daren na sauke wata manhaja a wayata mai ƙirga kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Ta tambaye ni tsayi da nauyi da shekaru, ta ba ni adadin da ya kamata in riƙa ci a rana. Na dubi adadin na ga ya yi mini yawa, sai na goge shi da hannuna na rubuta 700. Gargaɗi ya fito da jan rubutu, na danna na wuce. Babu likitan da ya ba ni wannan lamba, babu wanda ya auna ni. Lissafina kawai shi ne, tunda rage abinci kaɗan yana sa a rame a hankali, ai rage shi sosai zai sa a rame da wuri.

Makon farko kilo 3 suka tafi. Ban taɓa jin daɗin hawa ma'auni irin na ranar ba, kuma wannan daɗin ne ya ɗaure ni har mako goma. Sai daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mace mai jikina da irin zirga-zirgata tana ƙona kusan 2,200 a rana. Ko da a ce duk giɓin da na bari daga kitse aka cike shi, a kwana bakwai bai kai kilo ɗaya da rabi ba. To ina sauran ya fito? Jiki yana da wata ajiya ta suga a hanta da tsoka, wadda ba ta wuce rabin kilo ba, kuma kowane giram ɗaya nata yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Ita ake fara cinyewa idan abinci ya yi ƙaranci, ruwan da ke tare da ita ya bi fitsari ya fita. Ga kuma hanji da ya zama babu komai a cikinsa. Fiye da rabin abin da na yi wa murna a makon nan ruwa ne.

Daga mako na uku jiki ya fara magana. Sanyi nake ji a inda kowa ke fifita. Idan na miƙe daga kujera sai idona ya yi duhu, in dafa bango in jira jirin ya wuce. Bayan gida ya zama sai kwana uku ko huɗu, bakina yana wani wari da goge haƙori ba ya kawar da shi, barci kuma ya koma guntu-guntu. Duk waɗannan na ɗauke su alamar cewa abin yana aiki.

Amma abin da ya fi cutar da ni ba a jiki yake ba, a kai yake. Abinci ya mamaye mini tunani gaba ɗaya. Ina da ƙaramin sikeli a kicin, komai sai na ɗora a kai kafin ya shiga bakina, har ganyen da ba shi da wani kalori na a zo a gani. Ina kwance da dare ina kallon bidiyon girke-girke na awa biyu, yawu yana tsinkewa a bakina, ba tare da niyyar dafa ko ɗaya ba. Na koma ci da ƙaramin cokali don abincin ya daɗe bai ƙare ba. A wurin aiki sai in karanta layi ɗaya sau uku ban fahimta ba. 'Yata ta taɓa zuwa da littafinta tana so in duba mata aikin makaranta, na daka mata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yarinyar ta tsaya tana kallona da littafin a ƙirjinta, ba ta yi kuka ba, ta juya ta fita a hankali. Wannan kallon har yau yana raina.

A lokacin na ɗauka halina ne ya lalace, ko kuma raunin zuciya gare ni. Bayan komai ya wuce ne na karanta labarin gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945. Samari 36 ne masu ƙoshin lafiya, waɗanda suka ƙi zuwa yaƙi saboda aƙidarsu, suka miƙa kansu don a gano abin da yunwa ke yi wa ɗan Adam. Mako 24 aka yi ana ba su ƙasa da kalori 1,600 kaɗan a rana, kusan rabin abin da suka saba ci, suna kuma doguwar tafiya a ƙafa. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, kuzarin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Abin da ya sa na ajiye wayar na yi shiru shi ne halayensu: sun koma tara littattafan girki, suna jan cin abinci ya ɗauki lokaci mai tsawo, suna lashe kwano, suna fushi a kan ƙaramin abu, suna jin sanyi kullum. Gaskiya ne su ba masu ƙiba ba ne kamar ni, ba su da ajiyar kitsen da nake da ita. Duk da haka ni na gani a cikinsu. Kuma abin da aka ba su ya ninka nawa sau biyu.

Yayata ce ta fara yi mini magana kai tsaye. Ta zo gidan a mako na takwas, ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ke, lafiyarki kuwa? Idonki duk ya faɗa."

Na ce, "Yaya, ai kilo 11 na rage."

Ta ce, "Na gani. Ba kilo na tambaye ki ba. Yaushe rabonki da al'ada?"

Ban ba ta amsa ba, don ta riga ta tsallake wata guda. Na yi fushi da ita ranar, fushin wanda aka taɓa masa inda yake ɓoyewa. Mutane da yawa suna ta yaba mini, suna tambayar sirrin, ita kaɗai ce ta dubi fuskata ba ƙuguna ba.

A mako na goma, wani dare bayan na karya dokata na ci abinci mai maiƙo, ciwo ya kama ni a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama. Yana ratsawa har bayana tsakanin kafaɗu, ga amai, ga gumi. Na kasa kwanciya, na kasa zama, sai durƙuso a bakin gado. Ya fi awa uku kafin ya lafa. Washegari aka yi mini hoton ciki, aka ga tsakuwa a madaciya.

Likitar da ta duba ni ta tambayi abin da nake ci. Da na faɗa mata adadin sai ta ajiye biro ta ce, "Baiwar Allah, wa ya ɗora ki a kan wannan?" Na ce babu kowa. Ta jawo takarda ta yi lissafi da nauyina na farko da tsayina da shekaruna, ta nuna mini: kusan kalori 1,600. Ta ce wannan shi ne abin da jikina ke ci ko da zan wuni a kwance ban ɗaga yatsa ba, don zuciya ta buga, huhu ya yi numfashi, ƙoda ta tace jini, ƙwaƙwalwa ta yi aiki. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Ni kuma na ba jikin ƙasa da rabin kuɗin tafiyar da kansa, na ce ya je aiki ya kula da gida.

Ta yi mini bayanin tsakuwar ma. Idan mutum yana ramewa da sauri, hanta tana zuba kwalastarol mai yawa, wato wani nau'in maiƙo, a cikin ruwan madaciya. Ita kuma madaciya ba ta matsewa ta zubar da ruwanta sai an ci abin da ke da ɗan maiƙo. Ni na yanke mai gaba ɗaya, saboda haka ruwan ya zauna wuri ɗaya yana kauri har ya daskare. Ba ta ce tabbas a mako goman nan tsakuwar ta taru ba, don ƙiba ita kanta tana kawo ta, amma ta ce ramewa da gaggawa sananniyar hanya ce.

A nan ne na yi mata gardama, don na karanta cewa akwai likitocin da ke ɗora mutane a kan kalori 800. Ta ce haka ne, kuma gara in san gaskiyar abin. Akwai irin wannan tsari, kuma yana da amfani ga waɗanda aka yi shi dominsu. A Birtaniya, binciken DiRECT da Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Mike Lean na Jami'ar Glasgow suka jagoranta ya ɗora masu ciwon suga nau'i na biyu a kan kalori 825 zuwa 853 a rana na wata uku zuwa biyar. Sakamakon da ya fito a mujallar Lancet a ƙarshen 2017 ya nuna kashi 46 cikin ɗari ciwon ya lafa musu bayan shekara guda, ba tare da maganin suga ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai abin da suka sha haɗi ne na musamman da aka auna masa furotin da bitamin da ma'adinai, an gyara musu magunguna tun ranar farko, ana duba su a kai a kai, sannan an dawo da su kan abinci mataki-mataki. Hukumar lafiya ta Birtaniya ma ba ta ba da shawarar cin kalori 800 ko ƙasa da haka sai a hannun likita, kuma kada ya wuce mako 12 a jere. Mai ciki, mai shayarwa, yaro mai tasowa, da wanda ya taɓa samun matsalar cin abinci, duk ba nasu ba ne. An san haɗarinsa tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da wasu masu ramewa da ruwan furotin marar inganci a Amurka suka mutu farat ɗaya saboda rikicewar bugun zuciya.

Lamba ce kusan iri ɗaya da tawa, amma abu biyu ne daban. Nasu magani ne mai ƙa'ida da ranar tsayawa. Nawa yunwa ce kawai, ba furotin isasshe, ba wanda ya taɓa auna jinina, kuma ban sa wa kaina ranar dainawa ba.

Na daina a kilo 79. Abin da ya biyo baya ya fi mini zafi a rai fiye da ciwon madaciyar. Yunwa ta taso mini irin wadda ban san da ita ba, in ci in ƙoshi amma raina bai ƙoshi ba. Sau da yawa na tsinci kaina tsaye gaban firji cikin dare ina ci ba tare da na zauna ba. A lokacin ne kuma gashina ya fara zuba, don shi yakan jira wata biyu zuwa uku bayan jiki ya sha wahala kafin ya nuna. Kowace safiya sai in cire dunƙule daga mataji in naɗe a takarda kada kowa ya gani. Cikin wata takwas na koma kilo 90, kuma jikin ya fi na da laushi, ɗaukar abin da na saba ɗauka ma ya zama aiki, don tsoka ta tafi tare da kitsen amma kitse ne ya fi saurin dawowa.

Na zargi kaina sosai. Abin da ya rage mini nauyin zargin shi ne wani bincike da aka yi a Melbourne ta Ostireliya, aka buga a 2011. Mutum 50 aka ɗora a kan abinci mai ƙarancin kalori sosai na mako goma, aka bi sinadaran jininsu. Leptin, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, ya faɗi. Ghrelin, mai tayar da yunwa, ya hau. Bayan shekara guda cur abin bai gama komawa daidai ba. Wato jiki bai san ina son shiga tsofaffin kayana ba ne, shi fari ya gani, kuma ya yi abin da aka halicce shi ya yi a lokacin fari. Wannan turjiyar tana zuwa ga kusan duk wanda ya rage nauyi mai yawa, ko ta wace hanya, shi ya sa yin abin ba tare da shirin abin da zai biyo baya ba ya zama ganganci.

Karo na biyu na koma wurin likitar, ta haɗa ni da ƙwararriya a fannin abinci. Kalori 1,700 muka tsayar, wato giɓin kusan 500 a rana. Furotin a kowane ci, kayan lambu da yawa, ɗan mai kada madaciya ta kwanta, tafiya a ƙafa kusan kullum, da ɗaga ƙarfe sau biyu a mako don tsokar ta dawo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma sai da na fara ci yadda ya kamata na samu ƙarfin motsa jikin. Wani makon rabin kilo ke tafiya, wani makon ba komai, akwai watan da ma'aunin bai motsa ba sam har na kira ta raina a ɓace. Ta ce in auna ƙuguna. Ya ragu.

Wata 14 na ɗauka kafin na kai kilo 80, kusan inda na kai a kwana 70 na farko. Yanzu shekara ɗaya ke nan ina tsakanin 80 da 82. Al'adata ta daidaita, sabon gashi ya tsiro gajere-gajere a gaban goshina, sikelin kicin yana cikin kwaba ban cika taɓa shi ba. Tsakuwar dai tana nan. Ta sake tayar mini sau ɗaya a bara, kuma a wata mai zuwa zan koma asibiti mu yanke shawara da likita ko za a cire madaciyar.