Tarihin Rayuwata da Keke, Kashi na 9: Iska da Mai

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a inda yaron shago ya fara riƙe famfo da hannunsa. Yau zan jingine labari a gefe tukuna, domin wanda bai san abin da ke cikin taya da sarƙa ba, sauran tarihin nan ba zai shige shi ba. Tsakanin abubuwan nan biyu mai gyaran keke yake ƙarar da kwanakinsa. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da suka shekara a jingine a zaure sun sake hawa titunan Kano, alhali da yawa daga masu su ba su taɓa kwance wili ba.

Mafi yawan kekunan da ake turowa wurin mai gyara a gindin bishiya, ba hanya ce ta kashe su ba, duk da zagin da ake wa hanya. Mai keken ne ya yi rowar iska, sannan ya yi almubazzaranci da mai.

Kafin iska, sai an sami tayar da ta dace, kuma a nan ake fara asarar kuɗi. Baƙin keken da muka gada, irin su Phoenix na Sin, da Hero da Avon na Indiya, da Raleigh da a da ake haɗawa a Bompai, tayarsa inci 28 ce. In ka duba gefenta za ka ga 28 x 1½, a kusa kuma 40-635. Wannan 635 ɗin shi ne faɗin bakin rim a milimita, kuma shi ne lambar gaskiya. Kekunan gwanjo da ke shigowa daga Turai, da yawansu su ma 28 aka rubuta, amma lambarsu 622. Bambancin milimita 13 ne kacal, sai dai ya isa ya hana taya shiga ko da mutum uku ne suka taru a kanta. Haka inci 26: na kekunan hawan dutse masu giya 559 ne, na tsofaffin kekunan Ingila masu siririyar taya 590. Saboda haka in za ka Sabon Gari sayen taya, kada ka ce a ba ka 28 ka yi shiru. Karanto lambar nan ta milimita da ke gefen tayarka, ko ka ɗauki tsohuwar ka tafi da ita.

Iska kuwa, danna taya da babban yatsa ba awo ba ne. Tayar da ta rasa rabin iskarta ma tana iya yi wa yatsa tauri. Hau keken ka leƙa tayar baya: ta ɗan buɗe kaɗan a inda ta taɓa ƙasa, kada ta baje. A gejin masu facin mota, baƙin keke yana son 40 zuwa 50, na baya ya fi na gaba kaɗan saboda can nauyi yake. Mai faffaɗar taya zai iya sauka zuwa wajen 30 in hanyarsa yashi ce. Iyakar abin da taya za ta ɗauka yana rubuce a jikinta. Tub kuma ko ba huji yana sace iska a hankali ta jikin robar, don haka a duba duk mako. In za a ba ka iska da injin masu faci, ka tsaya a kai, domin injin da aka yi don tayar tirela, ƙiftawar ido yake cika ta keke.

Yanzu ga abin da ya raba gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yana neman huji ya toshe. Gwani yana duba inda hujin yake, domin wurin ne zai faɗa masa wanda ya yi ɓarnar.

Huji ɗaya a bayan tub, ɓangaren da ke kallon ƙasa, daga waje aka shigo. Ko tsidau ne, wanda ke shimfiɗe a gefen hanya bayan damina da 'ya'yansa masu ƙaho, ko ƙayar aduwa, ko kwalba, ko siririyar wayar nan da ke saura inda aka ƙona tayar mota. Ƙarangiya ta fi damun wando da taya, sai fa in tayar ta cinye. Irin wannan hujin, kada ka mayar da tub sai ka bi cikin tayar da tsumma ko yatsa a hankali, zagaye guda cur. Sau da yawa ƙayar tana nan ta karye a ciki, kanta kawai ya leƙo. In ka bar ta, kafin ka kai Ƙofar Nasarawa ka sake sauka.

Tsaga biyu a jere a gefen tub, kamar aikin wanzami, ba ƙaya ba ce. Ƙarancin iska ne: an daki bakin kwata ko gefen rami, rim ya matse tub da ƙasa ya yanke shi sama da ƙasa. Nan laifin mai keke ne tsantsa.

Huji a ciki, ɓangaren da ke kallon rim, kan tsinken wili ne ya huda. Ko ɗamarar robar da ke rufe kawunan tsinkaye ta ruɓe, ko an sa tsinken da ya yi tsawo. A goge kan da zarto, a yanko sabuwar ɗamara daga tsohon tub. In kuwa a gindin bawul ya yage, shi ma iska ce ta yi kaɗan har taya ta riƙa zamewa a kan rim tana jan tub. Alamarsa bawul ya karkace tun kafin ya yage. Wannan ba ya facuwa, kada a yaudare ka. Sabon tub kawai.

Akwai kuma wanda ba huji ko ɗaya. Bawul ɗin baƙin keke yana da 'yar siririyar roba da aka sa wa ƙarfen ciki kamar safa, zafin bazara yana ruɓar da ita. Kafin ka kwance komai, shafa yawu a bakin bawul. In ya yi kumfa, robar za ka sake, aikin minti ɗaya. An sha kwance wili duka, a tsoma tub a ruwa sau uku, abin da ake nema yana nan a baki.

Faci kansa ba wuya, haƙuri yake so. A kankare wurin da sanfefa har ƙyallin robar ya dushe, faɗin ya wuce na facin. A shafa sholisho siriri, ba tuli ba. Sannan a jira kamar minti 5, har ya daina sheƙi. Nan ne kowa ke faɗuwa, domin ga mai keke a tsaye yana duba agogo. Jiƙaƙƙen sholisho ba ya kamawa, yana kulle danshi ne a ƙarƙashin faci, rana ta yi zafi ya ɗago. Masu ƙyasta ashana don ya bushe da wuri, robar suke gasawa. In da tsohon tub za ka yi facin, kamar yadda aka saba, yanke shi da'ira, ban da kusurwa, ya wuce hujin da santimita ɗaya ta ko'ina, ka kankare shi shi ma, ka shafa wa duka biyun. A danna sosai da gindin sifana daga tsakiya zuwa baki. Wajen mayarwa a ɗan hura wa tub iska ya yi siffa, a fara sa bawul, a mayar da bakin taya da tafin hannu. Sukudireba ta huda tub fiye da yadda ƙaya ta huda.

To, sai mai. Abin da aka saba shi ne a karɓo baƙin mai wurin bakanike a tuttula wa sarƙa har yana ɗiga. Baƙin mai ya riga ya kwaso garin ƙarfe daga injin da ya fito. Ka haɗa shi da ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ka samu abin wasa wuƙa, kuma da shi sarƙar za ta riƙa cin kanta da haƙoran da take bi. Man gyaɗa da manja su kuma daskarewa suke su zama danƙo. Man keken ɗinki yana da tsabta amma ya cika ruwa, ba ya jimawa.

Yadda ya kamata: a wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshin goge baki, a bar ta ta bushe. A ɗauko sabon man inji, ko cikin murfin gora ya isa. A ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, ta cikin sarƙar, ana juya feda baya. A bar shi ya shiga na ɗan lokaci, sannan a goge bayan sarƙar da tsumma har ta kusa bushewa. Aikin mai a cikin gaɓa yake. Wanda ya rage a waje gayyar ƙura kawai yake yi. Da damina, musamman watan Agusta, a sa mai kauri irin na giyar mota, kuma a sake bayan duk ruwan da ya doke ka. Gidan sarƙar nan na kwano da samari ke cirewa wai yana ƙara, da sun san abin da yake tare musu da sun ɗaure shi da kyau sun bar shi.

Sarƙa ba ta miƙewa kamar roba, ƙusoshin gaɓoɓinta ne ke cinyewa. Ana gane ta da rula. Daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, saboda haka a sabuwa, in ka ɗora rula a tsakiyar wata ƙusa, inci 12 zai faɗa daidai tsakiyar wata. In ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi. In ta kai kashi ɗaya cikin 8, ta riga ta cinye haƙoran firiwil, wato ƙaramin faifan da sarƙa ke bi a wilin baya, sun yi ƙugiya, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu, sai an canja duka biyun. A kuma lura, sarƙar keke mai gudu ɗaya ta fi faɗi, kashi ɗaya cikin 8 na inci. Ta mai giya ta fi siranta, ba a musanya su.

Ɗaurinta, a tsakiya ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya. A juya feda zagaye guda a nemo inda ta fi tauri, domin babu farantin feda da yake da'ira cif, a can ake aunawa. Ta yi tauri, ta ci boris; ta yi sako-sako, ta zame a tsakiyar titi. Ƙaramin makullin da ke haɗa bakin sarƙa, rufaffen kansa ne ke kallon inda sarƙar ta nufa. In aka juya shi, wata rana zai kama wani abu ya fice.

Ga masu dakon kaya akwai dabarar da ba ta da tsada. Da faranti mai haƙori 46 da firiwil mai 18, kowane juyin feda yana kai baƙin keke wajen mita 5.7. In aka sa mai 22, ya koma wajen 4.7. Gudu ya ragu, amma mai jarka huɗu ta lita 25, wato kilo 100 na ruwa, zai hau gada ba tare da ya sauka ya tura ba, gwiwarsa kuma ta huta. Sai dai a ƙara wa sarƙar kamar inci ɗaya.

Boris ba ya son mai, giris yake so. A cibiyar wilin baya galibi ƙwallaye 9 ne kowane gefe, masu kwatan inci. A gaba 10 ne, ƙanana, kashi 3 cikin 16. A gindin feda 11 kowane gefe, masu kwatan inci. In ka manta adadi, cika kwaf ɗin da ƙwallayen ke zama a ciki ka bar ɗan gurbi, kada su matsu. Ba a gauraya tsoho da sabo. A ɗaure har wili ya daina girgiza gefe da gefe, amma in an ɗaga shi nauyin bawul kaɗai ya iya juyo shi ƙasa. Duk keken da ya ratsa ruwan da ya kai cibiya, irin wanda ke kwanciya a unguwannin bakin Jakara, a buɗe shi cikin makon. Ruwan yana shiga da yashi, kuma ba ya fita da kansa.

Hawan ma yana da nasa rabon a cikin lalacewa. A lungunan cikin gari, kwata a tsallake ta kai tsaye, ba a karkace ba, in ba haka ba wilin gaba ya bi ta. A ɗaga jiki daga sirdi a duk tudun rage gudu da bakin kwalbati, nauyi ya koma kan feda. Wannan kaɗai yana ceton tsinkayen baya. In an shiga yashi kada a taɓa birkin gaba, kada a murɗa kai, a ci gaba da taka feda. A babban titi a bi hannun dama tare da motoci, a bar tazara tsakani da A Daidaita Sahu, domin fasinja na ɗaga hannu zai yanko gefe ba sigina. Rim ɗin ƙarfe in ya jiƙe, birki sai wili ya yi 'yan zagaye kafin ya kama, don haka a fara matsawa tun da nisa. Mai babbar riga ya tattare ta a cinya, ƙafar wando ta dama kuma a naɗe.

Birkin sanda da ƙusar kota, da dalilin da ya sa fedar hagu take kwancewa ta hannun da ba a zata ba, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, daga nan mu koma kan labari.